Man Ogzilarin A-Kori-Kura: Kama da Wane Ba Ta Wane

Jama'a manoma, yau ba a kan iri ko taki za mu yi magana ba. Za mu leƙa ƙarƙashin mota ne. Kada wani ya ce ina ruwan filin manoma da aikin kanikawa, don kuwa manomin da ya ke zaune a Kawo ko Unguwar Dosa ko Badarawa, gonarsa kuwa tana can bayan Rigacikun ko wajen Turunku, ya san rabin nomansa a kan taya ya ke. A-kori-kura ce ke kai taki da iri da 'yan ƙwadago, ita ce kuma ke komo da masara da shinkafa da waken suya in kaka ta yi. Ran da ta kwanta, aikin gona ya kwanta.

Abin da ya jawo wannan magana wani abu ne da ya faru a kan idona daminar bara. Ina da wani maƙwabci, dattijo ne, ɗan kasuwa, yana kuma noma masara da yawa. Yana da wata a-kori-kura da ya saya ta hannu, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Amurka, mai jan ƙafa huɗu. Wajen ƙarshen watan Yuli ya yi mata lodin takin zamani zai kai gona don zubi na biyu, ya ce in raka shi. Muka bar Kawo da hantsi, muka bi hanyar Zariya, sa'an nan muka saki kwalta muka hau burji. An kwana ana ruwa. Da muka iso wani kwari inda laka ta yi kauri, sai direba ya tsaya ya sa ogzilari, ya taka mai. Maimakon mota ta ja, sai muka ji ƙas! ƙas! ƙas! daga ƙarƙashin kujera, kamar ana buga guduma a kan tukunyar ƙarfe. Tayoyin baya suna ta wulwulawa, na gaba kuwa ko motsi. Nan muka wuni. Hadari ya taso, tamfol ɗinmu ɗaya ne kuma ya yage, ruwa ya sami buhunan da ke sama. Wanda ya san takin yuriya ya san ba ya shiri da ruwa. Sai bayan la'asar aka samo tarakta daga wani ƙauye ta fisge mu.

Da aka kai mota gareji aka kwance, sai ga mai ya fito baƙi ƙirin, da kauri kamar maɗi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babban bakaniken ya shafa a yatsa ya sansana, ya dubi mai mota ya ce, "Alhaji, wa ya zuba maka wannan?" Alhaji ya ce, "Yaron wani gareji ne, wata shida ke nan. Na ce ya juye mini man giya duka, ya kuwa juye." Bakanike ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan lamba 140 ne, na aksul ɗin babbar mota. Taka jan mai mai ruwa-ruwa ta ke sha a nan wurin." Sarƙar ciki ta saki, boris ya ƙone, sai da aka nemo wani akwatin ɗungurungum. Kuɗin da aka kashe ya isa a sayi man da ya dace har motar ta tsufa, ban da takin da ya jiƙe da masarar da ta yi kwana goma tana jira.

Mene ne ogzilari?

Bari mu fara daga tushe, sabo da da yawa daga masu mota ba su taɓa ganin wannan abu da idonsu ba. In ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mota mai jan ƙafa huɗu, za ka ga inji a gaba, giyabos na manne da shi, sa'an nan a bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe ko na alminiyam. Farfela biyu ke fita daga jikinsa, ɗaya ta nufi aksul na baya, ɗaya ta koma aksul na gaba. To, shi ne direbobinmu ke kira ogzilari, waɗansu kanikawa kuwa su ce tiransifa. Aikinsa biyu ne. Na fari, ya raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba in an bukata. Na biyu, yana da wata ƙaramar giya ta kansa wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, wajen ninki biyu da rabi a motoci irin su Hilux, don hawan tudu da fita daga taɓo. Ita ce a ke rubuta wa L4 ko 4L a jikin ƙaramin sandan giya, ko a jikin maɓallin da a ke murɗawa a sababbin motoci.

Ba ko wace a-kori-kura ke da shi ba. Peugeot 404 da 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, ƙetaren kogi, bayan buɗe shi a 1975, tayoyin baya kaɗai ke ja, ba su da ogzilari. Haka kuma akwai Hilux da yawa a garin nan masu jan ƙafa biyu. In ba ka ga farfela ta nufi gaba ba, wannan magana ba taka ba ce, sai dai ka karanta don wata rana.

Wanda ya ke da shi kuwa, kada ya ce ai ni ban cika sa ogzilari ba, don haka mansa yana nan sabo. Ba haka ba ne. Ko kana tafe a kan titin Ali Akilu da jan ƙafa biyu, ƙarfin inji ta cikin wannan akwati ya ke bi kafin ya isa tayoyin baya. Muddin mota na tafiya, akwai abin da ke juyawa a cikinsa. Man da ke ciki kuwa ɗan kaɗan ne, a yawancin motoci lita ɗaya zuwa biyu, kuma ba shi da allura ko fitila a gaban direba da za ta gaya masa ya ragu. Shi ya sa a ke mance shi har sai ya yi kuka.

Inda al'adar lamba 90 ta samo asali

Kanikawanmu ba da mugunta su ke zuba mai kauri ba, abin da suka gada ne daga iyayen gidansu. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, da manoma a zuciya aka ƙera ta, ita ce kuma motar da malaman gona da na dabbobi da ma'aikatan En'e suka riƙa ratsa dajin Arewa da ita. Waɗanda suka yi yayi a nan daga baya, mai ɗaya su ke sha a giyabos da ogzilari da aksul duka biyu, watau lamba 90. Manyan motocin ɗaukar kaya kuma a kan zuba musu 140 a aksul. Bakanike ya tashi ya tarar da duro biyu a gareji, 90 da 140, ko wace mota ta zo a ɗebo mata daga ɗaya. A zamanin, daidai ne. Cikin ogzilarin waɗannan motoci haƙoran ƙarfe ne manya-manya suna cizon juna, suna iyo cikin mai suna watsa shi ko ina. Irin wannan aiki mai kauri ya ke so.

Amma fa ƙira ta sake. Toyota ta fara Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu ta fito a 1979, ita ma da haƙora ta fara. Daga baya sai masu ƙera motoci, a Japan da Amurka, suka koma ga sarƙa mai faɗi wadda ke kai ƙarfi ga farfelar gaba, sabo da ta fi sauƙin nauyi, ta kuma fi shiru. A cikin irin wannan akwati galibi akwai ɗan ƙaramin famfo wanda ke tsotso mai daga ƙasa ta cikin rariya, ya tura shi ta wata siririyar kafa da aka huda a tsakiyar sandan ƙarfe, ya kai shi ga boris da ƙananan haƙora. In aka ba famfon da aka yi domin mai ruwa-ruwa mai irin na babbar mota, kamar a ce mutum ya sha kunu mai kauri da tsinken kara ne. Zai samu, amma kaɗan kaɗan, kuma a makare. Da sanyin asuba lokacin hunturu abin ya fi muni, mota ta yi nisa kafin mai ya kai inda a ke bukatarsa. Ba rana ɗaya ya ke kashe akwati ba, a hankali ya ke ci, shi ya sa in ɓarna ta fito ba mai tunawa da ranar da aka yi juye.

Akasin haka ma ɓarna ne. Tsohon akwati mai haƙora in aka zuba masa jan mai mai ruwa-ruwa, man ba ya iya tsayawa tsakanin haƙori da haƙori sa'ad da mota ke jan kaya a tudu, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, ga shi kuma yana tsiyaya ta tsofaffin robobin da mai kauri bai iya bi ba.

Wace mota, wane mai

Nan ne wurin da na ke so a natsu, don nan a ke tuntuɓe. Wani zai ce to an gama, mai sarƙa a ba ta jan mai, mai haƙora a ba ta 90. Ina ma haka abin ya ke da sauƙi! Hilux da ta fito daga 2005 zuwa 2015, wadda a ke kira Vigo, sarƙa gare ta, amma littafinta man giya ya ce, lamba 75W-90, mai daraja GL-4 ko GL-5, wajen lita ɗaya. Wadda ta biyo ta daga 2015, mai maɓallin murɗawa, suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma littafinta wani mai ya ambata daban, na Toyota mai suna Transfer Gear Oil LF, lamba 75W tsura, ko wanda ya yi daidai da shi. Wannan ya fi 75W-90 ruwa-ruwa nesa ba kusa ba. Tacoma da a ke kawowa daga Amurka ita ma haka ta yi, ta koma LF daga ƙirar 2016. Ka ga motoci biyu za su tsaya gefe da gefe a tashar Kawo, dukansu an rubuta musu Hilux a baya, amma abincinsu ba ɗaya ba ne.

Nissan Navara da ta fito a 2005, da 'yar'uwarta Frontier ta Amurka, man giyar otomatik su ke sha a ogzilari, watau wanda a ke rubuta wa ATF, irin na Nissan mai suna Matic D. A lura, ko da giyar motar ta hannu ce, ogzilarinta ATF ne. Wannan ya kan rikita mutane ƙwarai, sai ka ji bakanike ya ce ai motar ba otomatik ba ce, me zai sa a zuba mata jan mai? Ford Ranger ta daga 2011 ita ma ATF ce, irin wanda a ke kira Mercon LV. Mitsubishi L200 man giya ne, amma a waɗansu ƙirarta 75W-85 ne. Waɗansu motocin Isuzu kuwa, abin mamaki, baƙin mai irin na inji littafinsu ya ce a zuba a ogzilari. Sa'an nan akwai manyan a-kori-kura na Amurka irin su Chevrolet Silverado da GMC Sierra na wajen 1999 zuwa 2006, masu maɓallin da aka rubuta wa Auto, waɗanda ke shiga jan ƙafa huɗu da kansu in taya ta sulɓe. Cikin akwatinsu akwai faifayen kuloci da ke jiƙe cikin mai, kamfanin kuwa ya yi musu nasu mai na musamman, shuɗi, mai suna Auto-Trak II. In aka zuba wani, faifayen su kan riƙa kamawa suna saki, mota ta yi ta karkarwa in an sha kwana.

Ban jero waɗannan don a haddace ba. Na kawo su ne don a ga kalmar nan "man giya" ba abu ɗaya ta ke nufi ba, kuma ba bakaniken da zai iya riƙe dukansu a ka, kome ƙwarewarsa. Mai yanke hukunci shi ne littafin motar, na ƙirarta da shekararta. Can wajen shafukan ƙarshe akwai jadawalin mai, a nemi layin da aka rubuta Transfer, a ga lamba da yawan lita.

Na san abin da za a ce: motocinmu na hannu ne, wa ya taɓa ganin littafinsu? To, yanzu wannan ba hanzari ba ne. Ko wace mota tana da lambar jiki, haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar ƙira. Da wannan lamba da sunan mota, ɗanka ɗan makaranta ko wani akawu zai iya sauko maka da littafin a waya ta intanet, kamfanoni da yawa kyauta su ke sa shi. In bai samu ba, a tambayi dillalin kamfanin. Abu ɗaya ne za a kula da shi: motar da ta daɗe a ƙasar nan mai yiwuwa an taɓa sake mata ogzilari da na wata. Masu sayar da kayan gyara a Oriyafata da Panteka sun san wane ke shiga wane. In haka ne, akwatin da ke jikin motar za a bi, ba sunan da ke bayanta ba. Na motocin Amurka galibi akwai ɗan faifan ƙarfe a jikinsu mai ɗauke da lambar ƙira, a goge laka a karanta.

Kada kuma a dogara da launin man da ya fito. In ja ya fito, abin da ya nuna kawai shi ne wanda ya yi juyen baya ja ya zuba. Jan ma rini ne a ke sawa don a bambanta shi.

Abin da rubutun jikin galan ke faɗi

Lambobin nan ba ado ba ne. SAE sunan ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, ita ta tsara ma'aunin kauri. A 75W-90, lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa in ya yi zafi, a kan auna shi a digiri 100, zafin tafasar ruwa. A wannan zafi, lamba 90 ya yi wajen ninki biyu na kaurin ATF, lamba 140 kuwa wajen ninki huɗu. Ka ji irin abin da aka ɗura wa motar Alhaji. Ma'aunin man giya kuma daban ya ke da na man inji: man giya lamba 90 kaurinsa bai wuce na baƙin mai lamba 40 ko 50 ba, don haka kada a gwama lambobin.

GL-4 da GL-5 kuwa daga API su ke, watau cibiyar man fetur ta Amurka, suna nuna yawan maganin da aka haɗa a ciki don hana haƙora cin juna. Maganin nan akwai farar wuta a cikinsa, ita ce ke ba man giya warin nan nasa. GL-5 ya fi yawan magani, an yi shi ne musamman don aksul, inda haƙora ke gugar juna da ƙarfi. Mutane su kan ɗauka biyar ta fi huɗu, sabo da haka GL-5 ya fi kyau ko ina. A'a. Inda akwai zobban tagulla masu daidaita shigar giya, GL-5 ya kan yi musu santsi fiye da kima, waɗansu irinsa ma su kan ci tagullar in zafi ya yi yawa. In littafi ya ce GL-4 ko GL-5, ko wanne ka samu ya yi. In ya ce GL-4 kaɗai, a tsaya nan.

ATF ma iri-iri ne. Dexron na kamfanin General Motors ne, tun 1967, Mercon na Ford, tun 1987, ko wanne kuma an yi ta sabunta shi. Dexron VI ya fito a 2005, ya fi Dexron III ruwa. Mercon V da Mercon LV ba abu ɗaya ba ne, ba a kuma musanya su. Sai a duba bayan galan a ga ko an rubuta ainihin sunan da littafi ya ambata.

Akwai wata hujja da kanikawa ke kawowa wadda ta cancanci amsa, don ba ta wauta ba ce. Su kan ce littafin nan don ƙasar sanyi aka rubuta shi, mu kuwa nan zafi gare mu, gara mai kauri. Gaskiya ne a watan Maris da Afrilu zafin Kaduna ya kan haura digiri 35. Amma cikin akwatin motar da ke jan buhu ashirin ya fi haka zafi nesa, ko a nan ko a Ingila, mai ƙera mota kuwa da wannan zafin ya yi lissafi. Bayan haka, Hilux da mu ke gani a Tailan da Afirka ta Kudu a ke ƙera yawancinsu, ana kuma aiki da su a Saudiyya da hamadar Ostareliya. Inda zafin ƙasa ke sake lambar mai, littafi da kansa ya kan faɗa, kamar yadda waɗansu ke yi a kan man aksul. In bai faɗa ba, ni dai ban ga dalilin da zai sa a fi mai abu sanin abinsa ba. Na kuma san akwai masu sabuwar Hilux da ke zuba 75W-90 don LF yana da tsada da wuyar samu, motocinsu kuma suna tafiya. Ba zan ce gobe za su lalace ba. Amma lita ɗaya tak a ke magana, sau ɗaya cikin shekara biyu ko fiye, ga motar miliyoyin naira. Wannan tsimi bai kai a yi caca dominsa ba.

Sayen mai da zuba shi

Samun lambar da ta dace rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a sami na gaskiya. Man da a ke aunawa a kwalba daga buɗaɗɗen duro a bakin hanya ba wanda ya san abin da ke ciki. Wani tsohon mai ne aka tace, wani kuwa ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa maganin kome ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha yin gargaɗi a kan jabun mai, tana kuma kama shi. A sayi mai a galan ko roba mai hatimi, a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, wanda aka haɗa a Nijeriya a duba tambarin hukumar a jikinsa, a karɓi rasit. In an juye, a huda robar, kada ta koma kasuwa da wani abu a ciki. 'Yan kasuwa masu shagon mai kuwa, in mutum ya zo ya ce a ba shi man ogzilari, ku tambaye shi wace mota ce, ta wace shekara. Wanda kuka tsirar wa akwati ba zai sake zuwa wani shago ba.

Ran juye, mai mota ya tsaya da kansa ko ya sa wanda ya amince da shi. A ajiye mota a wuri mai daidai, an ɗan yi tafiya da ita don mai ya saki. Akwatin yana da noti biyu, na sama na zubawa, na ƙasa na tsiyayewa. A fara kwance na sama. Dalili kuwa, in ka tsiyaye mai sa'an nan na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna da mota ba mai ba kuma hanyar zuba wani. A tari tsohon man a kwano mai tsabta a dube shi da kyau. Ɗan baƙin gari mai laushi a jikin noti ba kome ba ne, amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, akwai magana a ciki. A zuba sabo da famfon hannu mai tsabta, ba wanda aka gama ɗura 140 da shi ba, har sai mai ya kawo bakin ramin sama ya fara dawowa. Nan ne cikarsa. A sa sabon wosha, a ɗaure a hankali, don jikin alminiyam ba ya son ƙarfin tsiya. Tsohon man kuma kada a zubar a gona ko a kwata, daga kwata kogin Kaduna ya nufa, inda masu lambu ke ban ruwa.

Ga akawuna da masu kula da motocin ofis da na ƙungiyoyin manoma, ga wata 'yar shawara. Mota mai jan ƙafa huɗu wuri huɗu ta ke shan mai ban da inji: giyabos, ogzilari, aksul na gaba, aksul na baya. In takardar biya ta zo an rubuta "man giya" kurum, ku mayar da ita a rubuta ko wanne daban, da lambarsa, da yawan lita, da abin da agogon tafiya ya nuna ran nan. A ajiye littafi a aljihun mota a riƙa shigarwa. Direbobi suna sakewa, kanikawa suna sakewa, littafin ne zai gaya wa na gaba abin da ke ciki.

Yaushe za a sake? Littattafai da yawa suna sa motar da ke aikin wahala, watau jan kaya da bin ƙura da laka, tsakanin kilomita 40,000 da 50,000. Motar gona a ƙasar nan kuwa duk aikinta na wahala ne. Amma ruwa ba ya jiran agogo. A saman akwatin akwai 'yar kafar shan iska. In mota ta yi zafi ta faɗa rafi, akwati ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo abin da ke bakin kafar, in ruwa ne ruwa, haka nan ta robobin bakin farfela in sun tsufa. Mai ya gauraya da ruwa ya zama fari-fari kamar shayi da madara, ba shi da sauran amfani, tsatsa kuma ta kama boris. Duk wanda motarsa ta ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya ko ya wuce, ya kwance notin sama cikin kwana ɗaya ko biyu ya tsoma yatsa ya gani. A watan Agusta da Satumba, sa'ad da rafukan hanyar Birnin Yero da na Buruku ke cika, wannan dubawa ta fi ta ko wane lokaci.

Don kada in zalunci yaron garejin nan, sai in faɗi cewa ba shi kaɗai ya kashe akwatin Alhaji ba. Da aka bi diddigi, ashe direba ya kan manta ogzilari a ciki in sun fito daga gona, ya hau kwalta da shi har gida. A motocin da a ke sa wa jan ƙafa huɗu da hannu, farfelar gaba da ta baya a kulle su ke tare, alhali in an sha kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A kan laka taya ta kan ɗan sulɓe ta huce, a kan kwalta kuwa ba sulɓewa, sai sarƙa ta ɗauki wahalar. Haka nan in tayoyin gaba da na baya ba girma ɗaya ba ne, abin da ya zama ruwan dare wurin masu sayen taya ɗai-ɗai ta hannu. Ko man zinariya aka zuba ba zai hana wannan ba. Da zarar an tako kwalta, a mayar da sanda ko maɓalli kan H2, a tabbata fitilar ta mutu. In ta ƙi fita, a ɗan ja da baya kaɗan a miƙe, galibi sai ta saki.

Alhaji dai yanzu ya sa an rubuta sunan man da fenti a jikin sabon akwatin, kusa da notin sama, inda duk wanda ya zo da sifana tilas ya gani. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan aksul na baya da irin lodin da a ke ɗora wa a-kori-kura ran Talata, ranar kasuwar Kawo.